Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: A Kai Ɗalibin Shari'a Kotu Tun Yana Makaranta

Yau maganata da malamai ƴan uwana ce, da kuma iyayen da suka sayar da gero da awaki suka tura ƴaƴansu jami'a karatun shari'a. Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu manyan malamai daɗi ba. Su yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bara waccan, bayan an kawar da amfanin gona, na raka wata baiwar Allah fadar wani maigari a nan ƙasar Ƙonni. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da gona ɗaya a bakin fadama. A shekarar yunwa ta 2005, da zai tafi ci-rani Abijan, ya ba wani maƙwabcinsa aron gonar, babu takarda, sai dattawa biyu da suka shaida. Bai karɓe ta ba da ya dawo, don kullum yana kai da komo tsakanin gida da ci-rani, har ajali ya riske shi. Da matar ta fita takaba ta nemi gonar marayu, sai maƙwabci ya ce ai shi saye ya yi, har ya faɗi kuɗin da ya biya.

Matar ba ta da mai tsaya mata sai ɗan ƙanenta, wani saurayi da ya gama lisans a fannin shari'a. Ni na koyar da shi a firamare, kuma cikin shekarun da na yi ina riƙe da alli ban ga yara da yawa masu kaifin ƙwaƙwalwa kamarsa ba. Gari ya fito kallo, ana cewa yau za a ga amfanin boko. Da maigari ya ba shi izinin magana a madadin gwaggonsa, sai ya miƙe, ya gyara riga, ya shiga jero dokoki da Faransanci: doka mai lamba kaza, sashe na kaza. Har ranar da aka sa hannu a dokar karkara ya faɗa, 2 ga Maris 1993, kuma bai yi kuskure ba. Maigari ya saurara, sannan ya ce, "Ɗana, mun ji. To yi mana da Hausa." Nan fa ido ya raina fata. Ya yi ta kame-kame, ya kama nan ya saki, ya kama can ya saki, daga ƙarshe ya zauna yana share gumi.

Shi kuwa maƙwabcin tsohon dillalin albasa ne, wanda ya ci kasuwar Galmi ya ƙoshi. Ya tsara labarinsa tiryan-tiryan: ranar kaza ce, a gindin bishiyar kaza, bayan la'asar. Dattawan biyu tsufa ya cim musu, suka ce su dai sun san an ba shi gona. Yaronmu bai yi wa maƙwabcin tambaya ko ɗaya ba, bai yi wa dattawan ba. Sulhu ya faskara, aka rubuta takardar rashin daidaitawa, aka ce sai kotu.

A hanyarmu ta komawa na ce da matar, "Inna, tun da aka ba shi gonar nan, bai taɓa kawo muku komai ba?" Ta ce, "Haba Malam, ai kowace kaka sai ya aiko da dami biyu, har shekarar da maigidan ya rasu. Ɗansa ne ma ke kawowa a amalanke." Jama'a, wane manomi ne bai san cewa wanda ya sayi gona ba ya kai wa mai ita dami ba? Maganar da za ta raba gardama tana nan a bakin matar, ba wanda ya tambaye ta. Na dubi yaron, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, wallahi ban san zan tambaye ta wannan ba. Shekara uku ba a taɓa sa ni na zauna da mai ƙara ba." Kafin ranar zaman kotu ta zo, ɗaya daga cikin dattawan ya rasu. Yau damina biyu ke nan maƙwabci na noma gonar.

Ban ga laifin yaron nan ba, kuma ba zan yarda a ɗora masa ba. Abin da aka ba shi ya karɓa, ya haddace, ya mayar a takardar jarrabawa, aka ba shi maki mai kyau. Laifin yana wurin tsarin da ya yarda mutum ya shekara uku, wani ma biyar, yana karanta shari'a, bai taɓa sauraron mai kuka ba, bai taɓa yi wa shaida tambaya ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali, ko da na gwaji ne, ƙafafunsa na rawa ba. Sai ranar da gonar marayu ko ƴancin mutum ke kan faifai, sannan a ce to bismilla, fara koyo. Ashe ba Hausawa ne suka ce ba a fafe gora ranar tafiya ba?

Ni ba lauya ba ne, ɗan ekol normal ne, don haka bari in faɗi abin da na sani. Lokacin da muke koyon aikin malanta a Tawa, ba a ba mu aji don mun haddace littafin dabarun koyarwa ba. Da farko bayan aji aka zaunar da mu, muna kallon yadda gogaggen malami ke yi. Sannan aka ce kowa ya rubuta takardar shirin darasi. Sannan aka tura ka gaban allo, yara sun zuba maka ido, malaminka da abokan karatunka na baya da biro. Ba zan manta darasina na farko ba: na shirya lissafin ɗebewa na rabin awa, na gama shi cikin minti goma, na tsaya ina kallon yara suna kallona. Da aka tashi, sai da aka yi mini fata-fata: ka juya wa yara baya kana magana da allo, ka yi tambaya ka amsa da kanka, ba ka ga yarinyar da ta ɗaga hannu a kusurwa ba. Na ji kunya ranar, amma kunyar ta tsaya a ɗakin koyo, ba ta ci gonar kowa ba. Bayan mun fara aiki ma sai da sufeto ya zo ya zauna a ajinmu ya ga koyarwarmu da idonsa kafin a ce mun ci jarrabawar ƙwarewa.

Haka kowace sana'a take. Malamar asibiti ba ta fara allura ranar da aka ba ta takardar aiki. A asibitin Galmi, likitan da ke koyon fiɗa yana tsaye ne a gefen babba, yana riƙe masa kayan aiki, kafin a miƙa masa wuƙa. Yaron mota sai ya shekara yana wanke mota da ɗaure kaya kafin maigidansa ya bar masa sitiyari daga Ƙonni zuwa Tsarnawa. Wane ɗan kokawa ne ya taɓa ɗaukar takobi don ya karanta yadda ake kaye? To me ya sa sai aikin da ke raba mutum da gonarsa, ko ya kai shi gidan kaso, shi ne za a ce a koya a kan benci?

Ku tambayi ƴaƴanku yadda ake karatun nan da muka gada daga Faransa. Malami na gaba yana karantowa, ɗalibai cike da babban ɗaki suna rubutu, wanda bai samu wurin zama ba ya sayi fotokofi. A ƙaramin aji a koya maka tsara muƙala: kashi biyu, kowane kashi da reshe biyu, ba ƙari ba ragi. A ba ka hukuncin da wata kotu ta yanke a Paris tun kakanka bai yi aure ba, ka yi masa sharhi. Ban ce wannan banza ba ne. Yana wasa ƙwaƙwalwa, yana koya wa mutum tsara tunani, kuma wanda bai san doka ba ba abin da zai kare. Amma a duk waɗannan darussa an riga an tace wa ɗalibi labari, an wanke, an miƙa masa a takarda. A duniya kuwa labari ba ya zuwa a wanke. Yana zuwa ne a bakin tsohuwa mai kuka, wadda za ta fara da ranar aurenta, ta bi ta kan rashin lafiyar akuyarta, kuma dami biyun da ke ɗauke da shari'ar duka ba za ta ambace su ba sai an tambaya.

Wani zai ce mene ne ruwan malamin firamare na Ƙonni da tsarin karatun jami'a. Ruwana shi ne mu ne a bakin wuƙa. Muna da babbar kotu a Ƙonni, akwai ƙaramar kotu a Illela, akwai kotun ɗaukaka ƙara a Tawa. Amma lauyoyin ƙasar nan kaɗan ne, kuma mafi yawansu ofisoshinsu a Yamai suke, fiye da kilomita 400 daga nan. Manomin Dogarawa ko mai sayar da dabbobi a Badagishiri, da me zai ɗauko lauya daga Yamai, ya biya masa mota da masauki da ladan aiki? Shi ya sa gwamnati ta kafa hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ da dokar 2011, aka buɗe mata ofisoshi a manyan kotuna. Shi ya sa kuma, idan ana tuhumar talaka da babban laifi, wanda doka ta ce ba a yi masa shari'a sai da mai kare shi, sau da yawa ba lauya ake samu ba, sai a naɗa wani mai ilimi daga cikin gari, har da irinmu malaman makaranta. Ku duba nauyin nan: ran mutum da shekarunsa a hannun wanda ya saba da alli. Alhali ga matasa masu lisans da mastar a shari'a suna zaune a fada suna shan shayi, waɗanda da an horar da su da hannu, da sun rage wannan giɓi.

Kuma shari'un da suka fi damun mutanenmu, na aure da saki da gado da gonakin da ba su da takardar mallaka, dokar ƙasa ta ce al'adar masu shari'ar ake bi, alƙali na zaune da dattawa masana al'ada a gefensa. Rikicin gona ma, dokar karkara ta 1993 ta ce sai an fara neman sulhu wurin sarakunan gargajiya, an rubuta sakamakon, kafin a je kotu. Ma'ana rabin shari'ar a fada ake yin ta, da baki, da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci. Wanda bai iya sauraro da tambaya da jera magana ba, ya faɗi tun kafin ya ga ƙofar kotu.

Ga kuma maganar harshe. Tun watan Maris na 2025 kundin sake fasalin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To madalla. Amma ɗalibin shari'a nawa ne zai iya bayyana wa mahaifiyarsa da Hausa bambancin ɗaurin talala da ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko abin da ɗaukaka ƙara ke nufi da kwanakin da aka ɗiba mata? A maganar gona kaɗai muna da gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina, kowanne da hukuncinsa, kuma kwamitocin filaye da ake kira Kofo kowanne da irin takardar da suke ba shi. Bahaushe zai ce, "Na ba shi gona ya ci." Mu mun san aro yake nufi. In tafinta ya yi gaggawa ya juya ta da kalmar da ke nufin kyauta, magatakarda ya rubuta, gona ta tafi. Wa zai ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ya ce ba"? Sai wanda aka taɓa zaunar da shi a kujerar tafinta, ya yi kuskuren da bakinsa, aka gyara masa.

Abin da nake kira a yi ba wani abin mamaki ba ne. A shekarar farko, a wajabta wa ɗalibi zuwa kotu ya zauna a baya, tun da zaman kotu a buɗe yake ga kowa sai inda doka ta hana. Ya rubuto abin da ya gani: wa ya fara magana, me alƙali ya tambaya, ina shaida ya yi tuntuɓe. A shekara ta biyu, a yi kotun gwaji kowane mako. A ɗauko tsohon fayil da aka gama shari'arsa, a goge sunaye, a raba aiki: wannan alƙali, wannan mai gabatar da ƙara, wannan mai kariya, wannan magatakarda, wannan tafinta, waɗannan shaidu. A ba mai yin shaida wani sirri a takarda, irin dami biyun nan, a ce kada ya faɗa sai an tambaye shi daidai. A ɗauki zaman da wayar hannu, a kalla tare, tsohon alƙali ko lauya ya yi musu irin fata-fatar da aka yi mana a ekol normal. Mako mai zuwa a juya, wanda ya yi tuhuma ya koma kariya, don ya san kowace magana tana da ɗaya gefen. Rabin zaman da Faransanci, rabi da harshen gida.

A shekara ta uku a buɗe musu ɗakin taimakon shari'a, inda talaka zai zo da matsalarsa ta gaske, ɗalibi ya saurare shi, ya rubuta, ya nemo dokar, ya kai wa malami ko lauyan da ke kula da shi kafin a ba da shawara. Su riƙa shiga gidajen kaso da izini, suna duba waɗanda suka daɗe a tsare ba a yi musu shari'a ba. Da hutu kuma, maimakon zaman fada, a rarraba su kotunan Ƙonni da Illela da Madawa da Buza da Keita, da ofisoshin Kofo na Malbaza da sauran gundumomi, da fadojin sarakuna ranar sulhu. Sannan, kuma wannan shi ne gishirin maganar, a ba wannan aiki maki mai nauyi. Duk malami ya san abin da ba ya cikin jarrabawa ɗalibi ba ya ɗaukarsa da gaske. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana da sashen shari'a, ga ta kusa da mu, ga kotun ɗaukaka ƙara a gari ɗaya da ita. In akwai inda ya dace a yi wannan ya zama abin koyi ga ƙasa, to nan ne.

Ba mu za mu fara ba. Tun 1933 wani masanin shari'a na Amurka, Jerome Frank, ya yi rubutu yana kwatanta makarantar lauyoyi marar aikin hannu da makarantar likitoci da ba a ganin majiyyaci. Ku leƙa maƙwabta, tun da daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. A Najeriya, bayan digiri sai mutum ya shiga makarantar horon lauyoyi da aka kafa a 1962, mai reshe a Bagauda kusa da Kano, kuma cikin shekarar ana tura shi makonni ya zauna a kotu, ya zauna a ofishin lauya. Duk da haka suka ga bai isa ba, a 2003 aka kafa ƙungiyar NULAI don buɗe ɗakunan taimakon shari'a a cikin jami'o'i, tun ɗalibi bai gama digiri ba. Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu tun 1992 take shirya gasar kotun gwaji kan haƙƙin ɗan Adam, wadda yanzu ɗaliban nahiyar ke shiga da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal. Ban ce shari'ar maƙwabta ta fi tamu tsabta ba, su ma suna da nasu kukan. Amma abin kirki ko a hannun wa ka gan shi, ɗauka ake yi.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su. Na farko za a ce wannan tsarin Ingilishi ne, inda lauyoyi ke yi wa shaida ruwan tambayoyi, mu kuwa a namu tsarin alƙali ne ke jan zama, fayil ne ke magana. Gaskiya ne tsarin ya bambanta. Amma wa ke karanta fayil ɗin ya gano inda maganar jandarma ta saɓa da ta shaida? Wa ke roƙon alƙali ya yi tambayar da aka manta? Wa ke tashi a ƙarshe ya yi jawabin kariya? Kuma in alƙali ne ke tambaya, ashe shi ya fi kowa bukatar a koya masa tambaya. Faransawan da muke fakewa da su, lauyoyin Paris tun 1810 suke da dandalin da matasansu ke gwada jawabi a gaban manya. Mun ɗauko musu benci da fotokofi, mun baro musu filin gwaji.

Na biyu za a ce ai akwai lokacinsa: mai son zama lauya zai yi shekara uku yana koyon aiki a ƙarƙashin babban lauya, kamar yadda dokar ƙasashen UEMOA ta 2014 ta tsara, mai son alƙalanci kuma ga makarantar horon ma'aikatan shari'a da aka kafa a Yamai a 2015. To mutum nawa ke shiga waɗannan ƙofofi cikin ɗimbin da ke fitowa kowace shekara? Saura fa? Su ne za su zama ma'aikatan magajin gari, sakatarorin Kofo, ma'aikatan ƙungiyoyi, malaman kwantaragi, kuma su ne dangi za su ruga wurinsu ranar da aka kama wani. Yaron da na ba ku labarinsa ba lauya ba ne, amma gwaggonsa ba ta da wani lauya sai shi.

Na uku za a ce babu kuɗi, ɗalibai sun yi yawa. Wannan kada a faɗa wa malamin da ya koyar da yara fiye da 80 a rumfar kara. Kotun gwaji tebur take so da benci biyu da tsohon fayil. In ɗalibai sun yi yawa a kasa su rukuni-rukuni, ƴan mastar su kula da ƴan lisans. Tsofaffin alƙalai da magatakarda da suka yi ritaya suna nan cikin garuruwanmu, da yawansu za su ji daɗi a ce ana bukatar saninsu. Ƙungiyoyi irin su ANDDH da ƙungiyar mata masana shari'a sun daɗe suna horar da masu wayar da kai kan doka a karkara da ɗan abin da ke hannunsu. In ƙungiya ta iya, jami'a ba ta da hanzari.

Na huɗu, wanda ya fi yawa a bakin iyaye, wai koya wa yaro jayayya koya masa ƙarya ne, lauya ai mai mayar da fari baƙi ne. Ina ganin girman wannan tsoro. Amma ku tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wani cikin masu husuma kan fi abokinsa iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma abin da ya ci ta wannan hanya wuta ce. Ashe tun can an san mai gaskiya na iya faɗuwa saboda rashin baki. Dillalin albasa ba jami'a ce ta koya masa ba. Maƙaryata ba su taɓa jiran makaranta ba, mai gaskiya ne ke bukatar a koya masa yadda zai fito da ita. Kuma a ɗakin gwajin ne malami zai kama yaro ranar da ya fara shirya shaidar zur, ya tsawata masa tun icce na ɗanye.

Za a kuma ce ai ana yin gasar jawabin lauyoyi a jami'o'inmu. Ana yi, kuma ina yaba wa masu shiryawa. Amma gasa biki ce: a zaɓi ƴan kaɗan masu zaƙin Faransanci, su sa baƙar riga, su yi muhawara kan dokar yaƙi ko dokar kasuwanci ta OHADA, a tafa, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi. Mai in'ina da mai kunya da yarinyar da aka tarbiyyantar kan kada ta ɗaga murya gaban maza, su ne suka fi bukatar gwajin, su ne kuma ba a zaɓa. Abin da ake yi sau ɗaya a shekara don mutum goma ba zai maye gurbin abin da ya kamata a yi kowane mako don kowa ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, malamai, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shirun da yaron nan ya yi a fada, a ajina ya fara koyonsa. Mu ne muke ba da maki ga wanda ya maimaita darasi kamar aku, mu harari wanda ya ce "don me?" Mu ne muke cewa yaro mai tambaya marar kunya ne. Shekara goma sha uku muna koya masa rufe baki, sannan mu yi mamaki don ya kasa buɗe shi. A kwaleji da lise muna da darasin tarbiyyar ɗan ƙasa. Me zai hana sau ɗaya a zango mu mayar da aji kotu? Shanu sun shiga gona kafin ranar sakin gonaki: ga manomi, ga makiyayi, ga shaidu, ga masu sulhu, kowa ya kawo hujja, kuma a tilasta wa ɗan manomi ya tsaya wa makiyayi. Na gwada da ƴan ajina, yaran da ban taɓa jin muryarsu ba sai ga su suna neman a ba su dama. A Amurka tun 1972 ɗaliban shari'a na jami'ar Georgetown ke shiga makarantun sakandare suna irin wannan da yara. Mu ma mu gayyato namu idan sun zo hutu: su sun gwada baki, yaranmu sun san doka.

Ku kuma iyaye, ku daina tambayar maki kaɗai. Idan ɗanku ko ƴarku ta zo hutu, ku ce, "Sau nawa kika shiga kotu bana? Me kika gani?" Ku ce ta bayyana muku darasi ɗaya da Hausa har ku gane. Ku tura yaro fada ranar sulhu ya zauna kusa da dattawa ya ji yadda ake warware magana, don akwai ilimin da ke bakin liman da sarkin noma da ba ya cikin fotokofi. In kun haɗu da shugabannin jami'a ko na ƙungiyar ɗalibai, ku tambaye su wannan magana kamar yadda kuke tambayar kuɗin alawus. Kuɗinku ne, ƴaƴanku ne, kuma gobe gonarku ce.

Yaron nan yanzu duk ranar zaman kotu yana can a bencin baya da ɗan littafinsa, yana koya wa kansa abin da ya kamata a koya masa tun shekara biyar da suka wuce. Ya nemo ɗan maƙwabcin da ke kawo damin, ya nemo mai amalanken da aka taɓa ara, ya rubuta komai. Ko za su ci shari'ar, Allah ne masani, dattijo ɗaya ne ya rage kuma kunnensa ya yi nauyi. Ranar da na gamu da gwaggonsa a kasuwa ta ce mini, "Malam, yanzu kam ya iya tambaya, har ya ishe ni." Na yi dariya, amma da na tuna gero na damina biyu da marayu ba su ci ba, sai dariyar ta tsaya.

Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kuma tsare mu da cin haƙƙin maraya, ko da hannu ko da sakaci.